Baƙin Bunsuru Da Gicciyen Almasihu: Tunani Domin Mako Mai Tsarki

Ga shi kwana arba'in na Azumi sun kusa cika, Mako Mai Tsarki kuma yana bakin ƙofa. A cikin kwanakin nan za mu yi ta jin kalmomi uku a karatu da addu'o'i, wato hadaya, da kafara, da fansa. Mun saba da su ƙwarai, har kunne ya daina tsayawa a kansu. Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu tsaya a kansu bana shi ne wata magana da wani dattijo ya kawo mana a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke kai Misa.

Jikar wannan bawan Allah ta yi wata uku tana ciwo. An kai ta asibiti, an sha magani, sauƙi bai samu ba. Sai dangi suka matsa masa a je wurin boka. Boka ya duba, ya ce iskokin gidan sun yi fushi tun da aka bar tsafin kakanni, ba za su saki yarinyar ba sai an zubar da jinin baƙin bunsuru a gindin tsamiya. Dattijon ya sayar da dawa buhu guda, ya sayi bunsurun, ya ɗaure shi a bayan ɗaki, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da aka tashi daga Misa sai ya ja mu gefe, ya kwance bakin aljihu, ya ce, "Fada, ga kuɗin Misa. A yi wa yarinyar nan Misa ranar Lahadi, ni kuma in yanka bunsurun ranar Litinin. In wannan bai karɓa ba, wancan ya karɓa."

Ba mu yi masa dariya ba, ba mu kuma tsauta masa ba, domin tsoro da ƙaunar jika ne suka sa shi magana. Ya dai faɗi a fili abin da da yawa daga cikinmu muke ɓoyewa a zuci, cewa hadaya farashi ce da ake biyan wani mai iko da ya husata, domin ya huce ya ƙyale mu. Wanda ya ɗauki hadaya haka, in ya dubi gicciye, abin da zai gani shi ne Uba mai fushi wanda bai huce ba sai da ya ga jinin Ɗansa. Ekklisiya ba ta koyar da wannan ba, Littafi Mai Tsarki kuma bai faɗe shi ba.

Mu koma ga kakanmu Ibrahim, a Farawa sura 22. Ya yi tafiyar kwana uku zuwa ƙasar Moriya, sa'an nan ya ɗora wa Ishaku itacen da za a ƙone shi a kai. A hanya yaron ya lura akwai wuta akwai itace, dabbar yanka ce babu, ya tambayi mahaifinsa, Ibrahim kuwa ya amsa masa cewa Allah da kansa zai tanada. A kan dutsen aka tsayar da hannun Ibrahim, ya ɗaga kai ya ga rago ya maƙale da ƙahonsa cikin kurmi. Maƙwabtanmu Musulmi suna tunawa da wannan al'amari kowace shekara a Babbar Sallah, su yanka ragon layya, su aiko mana da nama, mu karɓa da godiya. Mun bambanta da su a kan ko wane ɗa ne, gama yawancinsu suna cewa Isma'ila, mu kuwa Ishaku muka karanta. Amma dukkanmu mun yarda ragon daga wurin Allah ya zo. A ƙasar da al'ummai suke ƙona 'ya'yansu domin gumaka, abin da Annabi Irmiya ya yi ta la'anta daga baya a Kwarin Hinnom, Allahn Ibrahim ya ƙi jinin ɗan, ya kuma kawo abin yankan da hannunsa.

Haka kuma za mu tarar a Littafin Firistoci, littafin da yawancinmu muke tsallakewa saboda yawan ka'idodinsa. Surori bakwai na farko sun bayyana hadayar ƙonawa, da ta gari, da ta salama, da ta zunubi, da ta laifi. Wanda bai iya rago ba ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu, wanda bai iya ko wannan ba ya kawo ɗan gari. Da a ce ciniki ake yi, da mai sa ya fi mai tattabara samun gafara. Uwargijiyarmu Maryamu da Yusufu tsuntsaye biyu suka kai Haikali sa'ad da suka miƙa jariri Yesu, wato hadayar matalauta. A sura 17 kuma Ubangiji ya bayyana dalilin jinin: ran kowace halitta yana cikin jininta, shi ne kuma ya ba Isra'ila jinin domin a yi kafara a kan bagade. A lura da wanda ya bayar. Kalmar kafara da muke amfani da ita ta zo mana daga Larabci, asalinta ɗaya da kalmar Ibrananci da ke cikin sunan Ranar Kafara, kuma kunnen Bahaushe ya saba jinta a kan abin da mutum yake biya in ya karya rantsuwa ko azumi. A nan kuwa Allah ne ya buɗe hanya ga mutanen da suka ɓata zumuncinsu da shi, domin su dawo.

Ranar Kafara, wadda aka bayyana a sura 16, ta cancanci mu ɗan daɗe a kanta. Sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, babban firist yakan tuɓe kayan adonsa ya sa fararen tufafin lilin, ya fara miƙa bijimi domin zunubin kansa da na gidansa, gama shi ma mai zunubi ne. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a a kansu. Ɗaya a yanka shi, firist ya shiga da jininsa bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki inda ba mai shiga sai shi, sai kuma a wannan rana, ya yayyafa jinin a kan murfin akwatin alkawari. Ɗayan kuwa ba a yanka shi. Firist yakan ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifofin jama'a duka, a kore shi da rai zuwa jeji. Bunsurun da aka ɗora wa zunubi ba shi ake kaiwa gaban Allah ba. Abin da ake kaiwa gaban Allah rai ne marar aibi, domin ya tsabtace wurin da zunubi ya ƙazantar, ya sāke haɗa jama'a da Ubangijinsu. Amma badi sai a sāke, wata shekara ma a sāke, kuma maimaitawar nan ita kanta shaida ce cewa aikin bai ƙare ba. Annabawa ma ba su bar mutane su ruɗi kansu ba. Ishaya da Amos da Yusha'u da Mika duk sun faɗa musu Allah ya gaji da hadayun mutanen da suke danne gwauruwa da maraya, mai Zabura ta 50 kuma ya tuna musu Allah ba ya jin yunwa, balle ya ci naman bijimi.

To, yanzu mu je Kalfari. Da wani Bayahude mai ibada ya bi ta wurin a wannan Jumma'a, da bai ga wani abu mai kama da hadaya ba. Babu bagade, babu firist cikin tufafin hidima, babu turare, kuma wurin yana bayan gari, nesa da Haikali. Abin da zai gani sojojin Roma ne suna kashe mutum uku da kisa mafi wulaƙanci, wanda aka keɓe domin bayi da 'yan tawaye. Cin amanar Yahuza, da hassadar shugabanni, da tsoron Bilatus, da muguntar sojoji, duka zunubi ne, Allah kuma bai ji daɗin ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya mai da wannan kisa hadaya ya faru ne tun daren Alhamis a ɗakin sama, inda Yesu ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya miƙa jikinsa da jininsa tun kafin kowa ya kama shi, ya kira jinin nan jinin alkawari domin gafarar zunubai. Ya riga ya faɗa, kamar yadda Yahaya ya rubuta a sura 10, cewa ba wanda yake ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi don kansa. Rago ba ya zaɓen wuƙa, jansa ake yi da igiya. Ɗan Rago na Allah ya san inda za shi, ya yi zufa a Gatsemani, ya tafi da ƙafafunsa. Saboda haka ne wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kira shi babban firist wanda ya shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin kansa, sau ɗaya tak, aikin kuma ya ƙare. Markus ya ce labulen Haikali ya tsage daga sama zuwa ƙasa. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikalin, hadayun dabbobi na Urushalima suka tsaya har wa yau.

Saura kalmar fansa, wadda take da nauyi a kunnenmu fiye da yadda take da shi a kunnen Kiristocin wasu ƙasashe. A zamanin bauta dangi sukan tara kuɗi su fanshi ɗan'uwansu daga hannun ubangijinsa. A zamaninmu kuwa kuɗin fansa ya zama abin da masu satar mutane suke yanka wa iyalai, har a sayar da gona da shanu. A watan Janairu na shekarar 2020 'yan bindiga suka shiga babbar makarantar horar da firistoci ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, suka kwashe ɗalibai huɗu. Uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi yana da shekara 18. Mutanen da suka ga irin wannan, in sun ji Yesu ya ce ya zo ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa, dole su tambaya: wa aka biya? Kakanninmu cikin bangaskiya sun yi wannan tambaya. Orijen na Iskandariya ya yi tsammani Shaiɗan aka biya. Waliyyi Girigori na Naziyanzus, a ƙarni na huɗu, ya ƙi wannan ƙiri-ƙiri, yana cewa abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi lada kan fashinsa, balle ladan ya zama Allah da kansa. Ya kuma ƙi a ce Uba ne ya nemi jinin domin ya ji daɗi, tun da shi ne ya ƙi karɓar Ishaku. Mu tuna sa'ad da Allah ya fanshi Isra'ila daga Masar bai biya Fir'auna ko anini ba. Fansa a bakin Littafi Mai Tsarki tana nufin an kuɓutar da mu, kuma kuɓutarwar ta ci wa Mai Ceto ransa.

Waliyyi Anselam, babban bishof na Kantabari a Ingila, ya kammala littafinsa kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum a shekara ta 1098, ya kuma bayyana al'amarin da misalin bashi. Mutum ne ya ci bashin, shi ya kamata ya biya, amma ba shi da abin biya, gama duk abin da yake da shi na Allah ne tun farko. Allah yana da abin biya, amma ba a binsa bashi. Sai Allah ya zama mutum, domin wanda ya kamata ya biya da wanda ya iya biya su zama ɗaya. Wannan bayani yana da amfani, gama yana hana mu raina zunubi. Mu da muka san diyya mun san ba a share jinin da aka zubar da "a yi haƙuri" kawai, sai an gyara abin da aka ɓata. Sai dai wasu masu wa'azi sun ɗauki misalin nan sun kai shi inda Anselam bai kai shi ba, suka raba Uba da Ɗa kamar alƙali mai zafin rai da lauya mai tausayi. Manzo Bulus bai san wannan rabuwa ba. Ya rubuta wa Korintiyawa cewa Allah ne yake cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, ya rubuta wa Romawa cewa mutuwar Almasihu dominmu tun muna masu zunubi ita ce tabbacin ƙaunar Allah. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sa nauyin inda ya dace: girman ƙaunar da Almasihu ya sha wahala da ita ya rinjayi muguntar waɗanda suka gicciye shi, ya rinjayi laifin 'yan Adam duka. Tashinsa daga matattu a rana ta uku shi ne amsar Uba, alamar an karɓi hadayar.

Wani zai ce, in hadayar ta ƙare sau ɗaya, me muke yi a bagade kowace safiya? 'Yan'uwanmu na waɗansu ɗarikoki sukan yi mana wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Majalisar Tirent ta amsa ta a shekara ta 1562: wanda ake miƙawa a Misa shi ne wanda aka miƙa a gicciye, mai miƙawar ma shi ne, ta hannun firistocinsa, yadda ake miƙawar ne kawai ya bambanta, gama yanzu ba a zubar da jini. Ba a sāke kashe Yesu a Misa, Misa dubu kuma ba ta ƙara wa Kalfari kome. Hadayar nan guda ce ake kawo mana ita inda muke, a babban coci ko a ƙarƙashin rumfar kara, domin mu shiga cikinta. Ku lura da ɗigon ruwan da firist yake zubawa cikin ruwan inabi. Waliyyi Kifiriyan, bishof na Kartaj a Afirka ta Arewa, wanda aka sare kansa a 258, ya koyar cewa ruwan nan jama'a ne, da zarar kuma ya gauraya da inabin ba mai iya raba su. Noman da muka yi, da ciwon da muke fama da shi, da haƙurin da muka yi da maƙwabci, suna cikin ɗigon nan.

A nan ya kamata mu yi magana kan kuɗin Misa, ko da yake ta shafe mu firistoci fiye da kowa. Abin da mutum yake bayarwa in ya roƙi a yi masa Misa taimako ne ga hidimar Ekklisiya da abincin mai hidima, ba farashin jinin Almasihu ba ne. Dokar Ekklisiya ta 1983 ta hana ko da kamannin ciniki a wannan al'amari, ta kuma gargaɗi firistoci su yi Misa domin matalauta ko ba su kawo kome ba. In an taɓa mai da wani daga ƙofa don hannunsa wofi, laifin namu ne, muna kuma neman gafara.

Abin da muka faɗa wa dattijon nan ke nan, cikin gajerun kalmomi. Muka ce, "Baba, mai da kuɗinka aljihu. Za a yi Misar, za mu zo gida mu shafa wa yarinyar mai na marasa lafiya tunda ta isa karɓa. Bunsurun kuwa ka kai shi kasuwa, kuɗin a kai ta babban asibiti." Ba mu yi masa alkawari za ta warke ba, gama ba mu da ikon yin wannan alkawari, kuma mai yi wa mutane irinsa a kan kuɗi ya zama boka ko da yana sanye da rigar firist. Abin da muke da ikon faɗa shi ne babu wani iska da yake bin wanda aka yi wa baftisma bashin jini.

Hadayar da ta rage wa Kirista ita ce ransa, yadda Bulus ya roƙi Romawa a sura 12 su miƙa jikunansu hadaya mai rai. A ƙarshen watan Yuli na 1941, a sansanin Aushwits inda 'yan Nazi suke tsare mutane a ƙasar Folan, wani fursuna ya ɓace, aka zaɓi mutum goma su mutu da yunwa a madadinsa. Ɗaya daga cikinsu ya fashe da kuka yana ambaton matarsa da 'ya'yansa. Fada Makasimiliyan Kolbe ya fito daga layi ya roƙi a sa shi a gurbin mutumin. Ya yi mako biyu a kurkukun yunwa yana bi da sauran cikin addu'a, ranar 14 ga Agusta aka ƙarasa shi da allurar guba. Sa'ad da Fafaroma Yahaya Bulus na Biyu ya sa shi cikin jerin tsarkaka a 1982, mutumin da ya fansa yana cikin taron, ya kuma rayu har 1995. Ba wanda ya tura Fada Kolbe, kuma wannan shi ne ya bambanta hadaya da zalunci. Don haka kada kowa ya ce wa matar da mijinta yake duka ta yi shiru wai gicciyenta ke nan, ko ya ce wa ɗan ƙwadagon da aka hana hakkinsa ya miƙa wa Allah, alhali mai faɗar yana da ikon tsayar da cutar. Kayafa ma ya ga gara mutum ɗaya ya mutu domin jama'a, amma ran wani ya miƙa, ba nasa ba.

Harshenmu yana da wata hikima mai ban tsoro, gama kalmar nan fansa da muke kiran ceto da ita, ita ce kuma muke cewa ɗaukar fansa in za mu rama jini. A garuruwanmu da aka ƙone gidaje aka binne 'yan'uwa, mun san yadda zuciya take tafasa, ba ma raina wannan zafi. Neman shari'a hakki ne, kāre iyali ma hakki ne. Amma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce jinin Yesu yana magana mafi kyau fiye da jinin Habila, wanda ya yi kuka daga ƙasa a kan ɗan'uwansa. Mutum ba zai sha daga ƙoƙon jinin da ya roƙa wa masu kisansa gafara ba, sa'an nan ya fita ya tare matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko yarensa. Ubangiji ya umarta a Matiyu sura 5 cewa wanda ya kawo baiko bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya tukuna.

Ranar Jumma'a Mai Tsarki za ku tarar da bagade tsirara, ba mayafi ba fitila, ba kuwa za a yi Misa ba, gama a wannan rana Ekklisiya ba ta yin Misa ko'ina a duniya. Za a karanta shan wahalar Ubangiji daga Yahaya, a yi addu'a domin dukan mutane har da waɗanda ba su gaskata ba, sa'an nan a kawo gicciye kowa ya zo ya durƙusa. Muna roƙon katekis su karanta wannan takarda a ƙauyukan da firist ba zai isa ba. Duk wanda yake da laya a ɗamara, ko dabbar da aka ɗaure domin boka, ko gabar da ya daɗe yana riƙe da ita, ya zo furcin zunubi kafin ranar Alhamis. Za mu zauna muna jira bayan kowace Misa.